FAFSA da CSS Profile idan iyaye sun rabu: wa zai cike, kuɗin wa za a rubuta?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin cike fom ɗin tallafin karatun jami'a ya zagayo, kuma tambaya ɗaya ce take ta shigowa ta bayan fage daga iyayenmu da ke nan Amurka: idan uwa da uba sun rabu, wa zai cike ɓangaren iyaye a FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya? Tunda abin ya shafi gidaje da yawa, gara a baje shi a faifai. Malama Mai Jagora, Alhaji Mai Haraji, Barista, bismillah. Roƙona ɗaya, kada a kawo sunan kowa ko sirrin gidan kowa.

Malama Mai Jagora: Wa alaikumus salam Shugaba. Abu na farko, duk wanda ya cike wa babban ɗansa FAFSA kafin 2024 ya ajiye abin da ya sani a gefe. A da, wanda yaro ya fi kwana a gidansa cikin watanni 12 da suka wuce shi ke cikewa. Dokar sauƙaƙa FAFSA da majalisa ta zartar a Disambar 2020 ta canza wannan, ta kuma fara aiki da fom ɗin shekarar karatu ta 2024-25. Yanzu ma'aunin shi ne wanda ya fi ɗaukar nauyin yaron da kuɗi cikin watanni 12 kafin ranar da aka cike fom. Idan sun yi kunnen doki, wanda ya fi samu da kadara shi zai cike. Ɗayan kuwa ba a tambayar komai nasa.

Abubuwa uku da mutane ke riƙewa a matsayin hujja, kuma babu wanda ya isa a nan: wanda kotu ta ba riƙon yaro, wanda ya sa yaron a takardar harajinsa, da gidan da yaron yake kwana. Akwai wata 'yar manhaja a studentaid.gov da ke yi wa mutum tambayoyi kaɗan ta nuna masa wane ne a cikin iyayen zai cike. A fara da ita.

Maman Ummi: Malama, ai in dai haka ne uwa ce kullum. Ita ke biyan haya, ita ke cefane, ita ke sayen takalmi. Me uban yake yi in ban da 'yan kuɗin da kotu ta yanka masa?

Alhaji Mai Haraji: Hajiya, a nan ne ake zamewa. Kuɗin ciyarwar da uba yake turawa, ko da ta hannun uwa suka bi, a lissafin uban suke shiga, ba nata ba. Bari in buga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙi.

Gida mai mutum uku, haya dala 1,800 a wata, kason yaro 600, a shekara 7,200. Abincinsa 300 a wata, 3,600. Waya, sutura da kuɗin mota 150 a wata, 1,800. Jimilla abin da aka kashe masa a gidan uwa 12,600. Uba yana turo 600 a wata, 7,200 ke nan, yana kuma biyan inshorar lafiyar yaron 150 a wata, 1,800. Nasa ya kama 9,000. To daga 12,600 na gidan uwa sai a cire 7,200 da suka fito daga aljihun uba, saura 5,400. Uba ne ya fi, shi zai cike, ko da yaron bai kwana gidansa sau goma a shekarar ba.

Amma a ce wannan 600 ɗin na yara biyu ne. Kason wannan yaron ya koma 3,600, a haɗa da inshora 5,400. Na uwa ya tashi 9,000. Lissafi ya juya, uwa ce za ta cike. Shi ya sa ba a yanke hukuncin nan da ka. A ɗauki biro da takarda, a jera wata-wata, a ajiye takardar tare da rasitai da bayanan banki. Fom ɗin ba ya neman a haɗa su, amma makaranta na da ikon tambaya daga baya.

Baban Sadiq: Ni fa a ganina ana wahalar da kai. Tunda ba a neman rasit, a duba wanda albashinsa ya fi ƙanƙanta ya cike kawai. Ai yaron ake so ya samu.

Barista: Malam Baban Sadiq, wannan shawarar kada ta fita daga zauren nan. Wurin sa hannu a FAFSA ya faɗa ƙarara cewa ba da bayanin ƙarya da gangan na iya jawo tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Tun kafin a kai can ma, akwai tantancewa. Ana zaɓar wasu fom a ce makaranta ta bincika, kuma ko ba a zaɓe ka ba, ma'aikacin tallafi da ya ga bayanai biyu sun ci karo wajibi ne ya tsaya har sai an warware. Misali uwa ta rubuta samun dala 9,000 a shekara, tana haya a Bronx da yara uku. Dole a tambaye ta wa ke biyan hayar. Yayin da ake wannan ja-in-ja ba a sakin ko sisi, ga rajistar zango na ƙaratowa. In an riga an biya kuma aka gano kuskure, yaron ne zai mayar da kuɗin.

Baban Sadiq: Na ji Barista. Amma idan tsakaninsu kusa ne fa, babu mai iya rantsuwa wa ya fi?

Barista: To wannan daban. In da gaske kun yi lissafi tsakani da Allah ya nuna ɗaya ya ɗara, ko da kaɗan ne, shi ne. In kun kasa bambancewa, ƙa'ida ta riga ta yanke: mai samu da kadara mafi yawa. Ba a bar wa iyaye zaɓi ba.

Malama Mai Jagora: A kuma tuna kowace shekara ake sake cikewa, kuma amsar na iya canzawa. Shekarar farko uwa ce ta fi. Yaro ya shiga jami'a, uba ya riƙa biyan ɗakin kwana da ragowar kuɗin makaranta. Shekara ta biyu in aka zauna lissafi sai a tarar uban ya wuce ta nesa ba kusa ba.

Maman Ummi: To ga wadda ta fi ci mini rai. An ce idan uwa ta sake aure sai an rubuta albashin sabon mijin. Yaushe agola ya zama nauyin mijin uwa? Yaro da ubansa a raye. Wane namiji ne za ka ce ya kawo takardar harajinsa saboda ɗan wani?

Malama Mai Jagora: Anti, a al'ada da addini maganarki dutse ce, ciyar da ɗa a kan ubansa yake. Amma ma'aikatar ilimi ta Amurka gida take kallo, ba jini ba. In wanda zai cike yana da aure a ranar cikewa, bayanan abokin zamansa na shiga, mijin uwa ne ko matar uba. Ko satin jiya aka ɗaura auren, samunsa na 2024 zai shiga fom ɗin 2026-27, domin harajin shekara biyu baya ake amfani da shi. Yarjejeniyar da suka rubuta kafin aure cewa ba ruwansa da karatun yaran ba ta hana komai.

Abin da za a kwantar wa mijin da hankali da shi: ba da bayani ba ɗaukar bashi ba ne. Kalmar da fom ya kira su da ita, contributor, wato mai ba da gudummawa, tana tsorata mutane, sai su ɗauka za a turo musu takardar biya. Ba a turo wa kowa komai. Lissafi kawai ake yi da lambobinsa.

Alhaji Mai Haraji: Kuma bambancin ba ƙarami ba ne, gara a san shi tun da wuri. Cikakken Pell Grant, tallafin gwamnatin tarayya da ba a mayarwa, dala 7,395 ne a 2025-26. Yaro na samun cikakken kai tsaye idan samun mahaifi marar aure bai wuce kashi 225 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. Ga masu aure kuwa kashi 175 ne. A jadawalin 2024, ban da Alaska da Hawaii, ma'aunin gida mai mutum uku 25,820 ne, mai mutum huɗu 31,200. Bazawara mai yara biyu iyakarta 58,095. Ta yi aure, gida ya zama mutum huɗu, iyaka ta sauko 54,600, kuma yanzu albashi biyu ake haɗawa. Wanda ya wuce iyakar ba a ce ya rasa komai ba, sai dai a koma lissafin SAI, lambar da ake auna buƙatar yaro da ita, wadda ke iya sauka har ƙasa da sifili da 1,500.

Ta fuskar aiki: in ita da sabon mijin sun shigar da harajin 2024 tare, mutum ɗaya ya isa ya cike. In kowa nasa ya shigar, ko a lokacin ba su yi aure ba, mijin ma sai ya buɗe nasa asusun ya ba da izini da kansa.

Maman Ummi: Allah Ya kyauta. Har yanzu ban ga adalci a ciki ba. Attajirin uba ya tsira ba a tambaye shi ba, talakan mijin uwa ya shiga lissafi.

Barista: Ban musa miki ba Hajiya. Canjin 2024 ya rage wannan giɓin ne kawai, bai toshe shi ba.

Ɗan Zongo: Barista, mu tamu matsalar daban ce. Da yawa saki na baki ne ko na takarda a gaban liman, ba a je kotu ba. Wasu ma auren a masallaci aka ɗaura, babu rajista. Wane akwati za a zaɓa?

Barista: Ɗan'uwa, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aure mai rajista, ko wanda aka ɗaura bisa doka a gida kafin a zo, sannan aka yi saki na addini ba a je kotu ba: a idon hukuma ba a kashe auren ba. Amma FAFSA na karɓar rabuwa ko babu takardar kotu, muddin kowa na zaune a adireshinsa kuma zaman aure ya ƙare. Sai a zaɓi akwatin waɗanda suka rabu, mutum ɗaya ya cike. A tanadi shaida: takardar haya da sunan kowa, takardar wuta ko gas, lasisin tuƙi mai sabon adireshi.

In an yi sakin amma suna gida ɗaya, ko tana idda a ɗakinta, ko tsadar haya ta hana ɗaya tashi, bayanan duka biyun za a rubuta. Ko kotu ce ta raba su, in dai rufi ɗaya ne, akwai akwatin iyaye marasa aure da ke zaune tare, kuma su biyun ake lissafawa. Yaji ba rabuwa ba ne. Haka miji da ke aiki a wata jiha, ko yana Kano matar na Houston alhali auren na nan, masu aure ne.

Auren masallaci marar rajista kuwa, kada kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa ba aure ba ne. Dokar jihohi ta bambanta. A New York, auren da malamin addini ya ɗaura na iya zama ingantacce ko ba a karɓi lasisi ba. A tambayi lauyan iyali na jihar kafin a zaɓi akwati.

Alhaji Mai Haraji: In ƙara a kan na Barista, abin da aka zaɓa a FAFSA ya dace da abin da ke kan 1040, takardar harajin shekara. Mai aure ba ya shigar da haraji a matsayin shugaban gida shi kaɗai sai in abokin zamansa bai zauna a gidan ba cikin watanni shida na ƙarshen shekarar, tare da sauran sharuɗɗa. Mata da miji a adireshi ɗaya kowa ya shigar a matsayin shugaban gida, wannan na cikin abubuwan da ofishin tallafi ke saurin kamawa, kuma sai an gyara harajin da 1040-X kafin a saki kuɗi. Gyaran na cin watanni.

Sai waɗanda suka shigar da harajin 2024 tare, suka rabu bayan nan. Abin da ke wurin hukumar haraji ta IRS samun mutum biyu ne a haɗe. Wanda zai cike ya zaɓi matsayinsa na yau, ya ba da izinin a ɗauko bayanan haraji duk da haka, sannan ya shigar da nasa kason da hannu. A ɗauko W-2 da 1099, takardun da ke nuna albashi da sauran samu na shekara, masu sunansa shi kaɗai. Abin da suka samu a asusun haɗin gwiwa, kamar ribar hannun jari, a raba biyu. Wanda ya kwafe jimillar da ke kan takardar haɗin gwiwa ya ɗora wa kansa albashin tsohon miji, ya rage wa ɗansa tallafi da hannunsa.

Kuɗin ciyarwar da uwa ta karɓa a cikakkiyar shekarar da ta wuce yanzu a layin kadara ake rubuta su, ba a layin samu ba, kuma hakan sauƙi ne gare ta. Gidan da ake ciki da asusun fansho ba a rubuta su. Asusun ajiyar kuɗin karatu na 529 da ke hannun mahaifin da ba shi ke cikewa ba, shi ma ba ya shiga FAFSA.

Ɗan Zongo: In uban yana Kumasi ko Yamai fa, bai taɓa taka Amurka ba?

Malama Mai Jagora: In sun rabu kuma uwa ce ta fi ɗaukar nauyi, ba ruwan FAFSA da shi. In shi ne ya fi, zai iya buɗe asusu a studentaid.gov ba tare da lambar SSN (Social Security) ba, tun daga fom ɗin 2024-25. Zai ba da izini ko da bai taɓa shigar da haraji a Amurka ba, ya rubuta samunsa da hannu, a mayar da sidi ko sefa ko naira zuwa dala da farashin ranar cikewa. A buga shafin farashin a ajiye. A fara nasa da wuri, don tabbatar da shaidar marar SSN kan ɗauki lokaci. Yaron ne kaɗai ake buƙatar ya zama ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, ko ɗan gudun hijirar da aka amince da shi.

Tunda an taɓo gida, ga wani abu da ya shafe mu sosai: riƙo. Yaro na hannun gwaggo ko kawu ko kaka tun yana ƙarami. FAFSA ba ta ɗauke su iyaye ba sai in sun karɓe shi ɗa ta hanyar kotu. Kada mariƙi ya sa bayanansa a gurbin uba. In kotun jiha ce ta naɗa shi waliyyin yaron a hukumance, yaron na iya zama mai cin gashin kansa a fom, ba a tambayar iyaye sam. In babu wannan takarda, sai an koma kan iyayen da suka haifa.

Baban Sadiq: Idan wanda ya kamata ya cike ya ce atafau ba zai bayar ba?

Malama Mai Jagora: In mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake buƙata ya ƙi ba da izini, ba a fitar da SAI, babu Pell. Abin da ya rage shi ne yaro ya nuna a fom cewa iyaye sun ƙi, ofishin tallafi ya duba ya ba shi rancen gwamnati marar rangwame kawai, wanda iyakarsa a shekarar farko dala 5,500 ce, kuma ruwa na hawa tun daga ranar da aka saki kuɗin. Ƙin biya ko ƙin cikewa shi kaɗai ba ya mayar da yaro mai cin gashin kansa. Abin da ke yin haka shi ne yanayi mai tsanani: an yasar da shi, akwai cin zarafi, iyaye na kurkuku, ko ba a san inda suke ba. Nan ma makaranta ce ke yanke hukunci bayan ta ga takardu.

Shugaban Zaure: Malama, ba a taɓo CSS Profile ba.

Malama Mai Jagora: Ita ce ke ba mutane mamaki. Wata takardar neman tallafi ce daban da FAFSA, ta ƙungiyar College Board, kuma jami'o'i masu rabon kuɗinsu na kansu ke nema, irin su Harvard, Yale da Columbia. CUNY da SUNY, jami'o'in gwamnati na New York, ba sa buƙatarta, FAFSA da fom ɗin tallafin TAP na jihar New York sun isa. Da yawa daga makarantun da ke neman CSS suna son bayanan iyaye biyun, ko shekara goma sha biyar da rabuwa. Kowa asusunsa daban, fom ɗinsa daban, ɗaya ba ya ganin abin da ɗayan ya rubuta. A faɗa wa uba wannan tun farko, domin yawanci tsoronsa kada tsohuwar matarsa ta ga albashinsa. CSS tana tambayar darajar gidan da ake ciki, abin da FAFSA ba ta yi. Kuɗinta dala 25 makarantar farko, 16 kowace ƙari, kyauta ga iyalin da ke Amurka da samunsu bai wuce 100,000 ba. Takardun haraji kuma ta shafin IDOC na College Board ake tura su ga makarantun da ke amfani da shi.

In babu hulɗa da ɗayan, akwai takardar neman a yafe bayanansa. Kowace makaranta ake kai wa daban, wata ta yarda wata ta ƙi. A haɗa da wasiƙar wani da ba dangi ba wanda ya san halin da ake ciki: mai ba ɗalibai shawara a sakandare, liman, ma'aikacin jin daɗin jama'a, likita. A faɗi ranar ganawa ta ƙarshe, da ko ya taɓa turo kuɗi. In akwai umarnin kotu na hana shi kusantar iyalin, a sa kwafi. "Ya ce ba zai biya ba" kaɗai ba kasafai ake karɓa ba. Yaron da ya san uba ba zai ba da haɗin kai ba, lallai ya sa makarantu biyu ko uku masu FAFSA kaɗai a jerinsa. Fom ɗin FAFSA na intanet na ɗaukar makarantu 20.

Barista: Kan rancen iyaye, Parent PLUS, ko wanda ba shi ya cike FAFSA ba zai iya ci, in dai shi ya haifa ko ya karɓi yaron ɗa ta hanyar kotu. Amma wanda ya sa hannu shi kaɗai gwamnati ta sani, ko me takardar saki ta ce game da raba kuɗin karatu. Daga 1 ga Yulin 2026 sababbin masu ci na da iyaka, 20,000 a shekara, 65,000 gaba ɗaya a kan kowane yaro. Maganar kuɗin ruwan da ke kan rancen kuma, kowa ya tambayi malaminsa.

Alhaji Mai Haraji: Ƙananan abubuwan da ke tsayar da fom: uwa ta buɗe wa yaro asusu da imel ɗinta, daga baya ta zo buɗe nata a ce imel ɗin na da mai shi. Kowa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Suna a rubuta shi yadda yake a katin SSN harafi da harafi. Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a wurin kwamfuta, haka macen da ta koma sunan mahaifinta bayan saki alhali katinta na ɗauke da na tsohon miji. Fom ɗin da aka bari kwana 45 ba a taɓa ba gogewa yake. Kada a dogara da wa'adin tarayya na 30 ga Yuni, na jihohi da makarantu sun riga shi nesa, na tallafin Cal Grant na jihar Kalifoniya 2 ga Maris ne bisa al'ada.

Maman Ummi: Ta ƙarshe Malama. In an cike a Oktoba ana tare, aka rabu a Janairu?

Malama Mai Jagora: Kada a shiga a canza akwatin aure da kai, Anti, domin fom ɗin halin ranar da aka sa hannu yake nunawa. A rubuta wa ofishin tallafi na kowace makarantar da ta ɗauki yaron, a nemi su sake duba lissafin saboda canjin yanayi. Doka ta ba su ikon cire samun wanda ya tafi. Za su nemi takardar kotu ko shaidar adireshi biyu, W-2 na wanda ya rage, da takardar albashi ta kwanan nan. A tura kafin 1 ga Mayu, ranar da yawancin makarantu ke son yaro ya ba da amsa, don ya ga sabon lissafin kafin ya biya kuɗin kama gurbi.